Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: malamin da ya ɗauki neman magani a matsayin aikin addini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama, abin da ya fi saurin zuwa zukatan jama'a shi ne jihadi da ginin birnin Sakkwato da littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Akwai kuma wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika karantar da ɗalibai ba, wato shagaltuwarsa da ilimin likitanci. Sarki ne da yaƙi ya kewaye shi tun daga ƙuruciya har zuwa ƙarshen ransa, amma ya sami lokacin da ya zauna ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir da maganin ciki, ya kuma nemi a aiko masa da likita daga Ingila domin ya koyar da mutanensa. Wannan ɓangaren ya cancanci a san shi a gidajen Musulmi, musamman a zamanin da wasu ke ɗari-ɗari da asibiti da sunan addini, wasu kuma ke ganin bara ce kaɗai rabon makaho da gurgu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, daidai da 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ya kafa zangon karatu da wa'azi wanda almajirai ke zuwa daga nesa. A gidan da ya girma, maza da mata duka suna karatu, kuma ƙanwarsa Nana Asma'u shaida ce a kan haka.

Ya ɗauki tafsiri da hadisi da tauhidi a wurin mahaifinsa. Ya karanci Larabci da rassansa a wurin ƙanen mahaifinsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da kuma wansa Muhammadu Sa'adu. An san shi da yawan bitar littattafai da kansa, abin da ya kai shi ga fannonin da ba kowane malamin fiƙihu ke shiga ba, irin su lissafi da ilimin taurari da ɗibbu, wato likitanci. Rubuce-rubucen da ake danganta masa sun haura ɗari, kusan dukkansu da Larabci.

Shekarun jihadi

Yana da shekara 23 lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Nasarar ba ta kawo sauƙi nan take ba. A ƙarshen shekarar an yi musu ɓarna mai yawa a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da dama suka yi shahada, sannan yunwa da cuta suka addabi sansanoninsu. Bello ya ga raunuka da jinya da mutuwa da idonsa tun yana matashi.

Ƙasar Daura ta shiga wannan tarihi tun da wuri. Shehu ya aiki Bello zuwa Birnin Gada domin ya gana da jagororin jama'a na Zamfara da Katsina da Kano da Daura, ya isar musu da saƙonsa, ya karɓi mubaya'arsu. Malam Isyaku shi ne ya riƙe tutar Daura, Malam Umarun Dallaje kuma yana cikin waɗanda suka riƙe ta Katsina. A 1808 Bello ya jagoranci cin Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1809 kuma ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba kula da daula a 1812, sai ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, wadda ta ƙunshi Katsina da Daura da Kano da Zazzau da Bauchi. A wannan shekarar ce ya kammala Infaƙul Maisuri.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Farkon mulkinsa ya zo da tawaye, ciki har da na Abdussalami a Kware, da kuma rashin jituwa tsakaninsa da Malam Abdullahi. Wannan rashin jituwa ya ƙare bayan yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kai wa baffansa ɗauki, shi kuma ya yi masa mubaya'a.

Likita cikin waɗanda gari ba ya rayuwa sai da su

Malam Umarun Dallaje, Sarkin Katsina, ya nemi Bello ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Amsar ita ce ɗan littafin nan mai suna Usulus Siyasa. A cikinsa Bello ya bayyana cewa aikin shugaba ya haɗa da gyaran addinin talakawansa da gyaran duniyarsu baki ɗaya. Ya umurce shi da ya raya masu sana'o'in da mutane ba sa wadatuwa daga gare su, ya lissafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sanya masu magani a cikinsu, ya ce a rarraba su a garuruwa da ƙauyuka gwargwadon buƙata. Ya haɗa wannan da gina ganuwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi.

Ma'anar wannan ita ce, a wurin Bello samar da mai magani a kusa da talaka yana cikin haƙƙin da talaka ke da shi a kan sarki. Malaman Musulunci da suka gabace shi sun riga sun sanya likitanci cikin farillan da idan wasu suka ɗauke sun sauke wa saura, idan kuma aka rasa mai ɗauka, laifin ya hau kan al'umma duka. Bello ya ɗauko wannan hukunci daga littafi ya mayar da shi umurni ga sarakunan da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya rubuta a kan magani

Bello bai tsaya ga umurtar wasu ba. Daga cikin littattafansa na likitanci akwai Al-Mawaridun Nabawiyya, wanda ya tattara mas'alolin magani daga koyarwar Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama. Akwai Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da Al-Ƙaulul Mansur a kan maganin basir, da wata risala a kan filasko da yadda ake amfani da shi wajen sassauta ciki. Hanyarsa ita ce ya tattaro abin da ya zo a hadisi da abin da likitocin Musulmi na farko suka rubuta, ya taƙaita shi yadda malamin gari zai iya karantawa ya amfanar da mutanensa.

Zaɓen da ya yi na cututtuka yana nuna wanda yake tunani a kai. Ciwon ido da basir da ciwon ciki su ne ke hana manomi zuwa gona, su hana almajiri duba allo. Filasko kuwa ganye ne da ke fitowa a ƙasar Hausa, ya zo a hadisi, kuma har yau kamfanonin magani na duniya suna haɗa maganin sassauta ciki da shi. Tushen wannan himma shi ne hadisin da Imamu Bukhari ya ruwaito, wanda ke nuna cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Wanda ya gaskata haka, ciwo ba zai zame masa dalilin naɗe hannu ba.

Yana da kyau mai karatu ya lura cewa waɗannan littattafai sun tsaya ne a iyakar abin da aka sani a farkon ƙarni na 19. A lokacin ba a gano cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa yawancin ciwon ido ba, ko a Sakkwato ko a Landan. Darajarsu a yau tana cikin abin da suke koyarwa game da manufar marubucinsu, wato neman mafi ingancin ilimin da hannu zai iya kaiwa gare shi. Shi kansa Bello ya nuna cewa bai ɗauki abin da ke hannunsa a matsayin ƙarshen sani ba, kamar yadda labarin baƙonsa na Ingila zai bayyana.

Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara daga Tarabulus ya bi ta Barno da Kano. Ya zauna har farkon watan Mayu a hannun Waziri Gidado ɗan Laima, kuma ya rubuta abin da ya gani. Cikin kyaututtukan da ya kawo, waɗanda suka fi jan hankalin Bello su ne madubin hangen nesa da kamfas. Ya yi farin ciki da aka nuna masa cewa da kamfas mutum zai iya gane gabas a duk inda yake domin salla. Da Clapperton ya fito da taswirar sararin sama da na'urar auna tsayin rana, sai ya tarar Bello ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Bello bai karɓi baƙon da ido rufe ba. Ya tambaye shi game da ƙungiyoyin Kirista, da yadda Ingila ta mamaye Indiya, da yaƙin da ta yi da Aljeriya. Ya san cewa mutanen da suka ƙera kamfas su ne kuma suke cin ƙasashe. Tattaunawarsu ta taɓa ciniki da makamai da batun hana sayar da bayi zuwa bakin teku, wanda shi ne abin da Ingila ta fi nema. Duk da wannan taka-tsantsan, akwai abu guda da Bello ya yi ta maimaitawa. Clapperton ya taso ne tare da wani likita, Walter Oudney, wanda ya rasu a hanya kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Bello ya nuna baƙin cikinsa a kan wannan rashi, ya ce ya so ya ga likitan Ingila wanda zai koya wa mutanensa aikin warkarwa. Ya nemi Sarki Joji na Huɗu ya aiko masa da jakada da likita su zauna a ƙasarsa.

Buƙatar ba ta nesa da gidansa ba ce. Clapperton yana Sakkwato agana ta kashe wani ɗan Waziri Gidado da yake matuƙar ƙauna, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa. A wannan lokaci an riga an yi shekara 28 da Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a Ingila, a 1796, amma ilimin bai iso ƙasar Hausa ba.

Clapperton ya dawo ta Badagry a ƙarshen 1825 tare da likitoci biyu. Morrison ya rasu a ƙasar Yarbawa makonni kaɗan bayan saukarsu, Dickson kuma ya bi ta Dahomey, ba a sake ganinsa ba. Clapperton ya iso a 1826 ba tare da likita ba, sai dai ya kawo littattafan Larabci, ciki har da na Ibnu Sina da littafin lissafi na Uƙlidis. Wata rana ya shiga wurin Bello ya same shi yana karanta Uƙlidis ɗin. Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Ziyarar ta biyu ba ta yi daɗi ba, domin ta zo daidai da yaƙin Sakkwato da Barno, Bello ya hana baƙon wucewa da kaya zuwa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Clapperton ya kamu da rashin lafiya ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Likitan da Bello ya nema bai taɓa zuwa ba a rayuwarsa.

Makafi da guragu a zamaninsa

Abin da Clapperton ya gani a Kano a 1824 yana nuna halin da masu lalura ke ciki a daular da Bello ke shugabanta. A zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda Bello ya naɗa a 1819, makanta ta yawaita, kuma akwai unguwa ta musamman ta makafi a cikin ganuwa, mai tsafta da ɗakuna masu kyan gini. Suna da wani kaso da sarki ke ba su. An kuma gaya wa Clapperton cewa guragu suna da irin wannan tsari. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da ake da su a masarautun Hausa har yau suna tabbatar da cewa an daɗe da sanin waɗannan bayin Allah a matsayin jama'a mai wakili a fada.

Wannan tsari yana da asali a Musulunci. Suratu Abasa ta sauka ne a kan sahabi makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladanin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, kuma ya sha barin sa ya ja wa mutanen Madina salla idan ya fita yaƙi. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya sanya wa guragu masu hidima daga baitulmali. Sai dai Clapperton ya ga makafin Kano suna bara a tituna da kasuwa duk da kason da ake ba su. Tsarin ya ba su matsuguni da abinci, bai kai ga buɗe musu hanyar karatu daga littafi ba. A daidai wannan shekara ta 1824, wani yaro makaho ɗan shekara 15 a birnin Paris na Faransa, Louis Braille, yana kammala tsara rubutun ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, wanda ya wallafa a 1829.

Ƙarshen rayuwarsa

Bello ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, inda yake zaunar da makiyaya da manoma da masu sana'a, ya haɗa su da malamai da alƙalai. Shi da kansa ya fi zama a ribaɗin Wurno. Alhaji Sa'idu, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Sakkwato na farko, ya ambata cewa Bello yana ci ne daga abin da ya nema da hannunsa, ba ya taɓa baitulmali domin buƙatar kansa. Alhaji Umaru al-Futi ya zauna a wurinsa shekaru, har ya auri 'yarsa. A 1836 ya yi nasara a Gawakuke a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, bayan shekara 20 yana mulki, aka binne shi a can. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Abin da ya nema ya iso

Ilimin da Bello ya yi fatan gani ya zo bayansa. Lambar da dattawa ke ɗauke da tabonta a dantse ita ce ta kawar da agana: an ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a Najeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarewarta a doron ƙasa a 1980. Shan inna, wadda ta gurgunta yara masu yawa a Arewa, an sanar da raba Afirka da nau'inta na asali a watan Agusta na 2020, bayan sarakuna da malamai sun shiga aikin rigakafin. Yanar ido, wadda ke kan gaba wajen makantar da tsofaffi, yanzu ana cire ta cikin ɗan lokaci a sanya wani ƙaramin gilashi a madadinta, hanyar da likita Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Akwai Alƙur'ani cikakke da rubutun makafi, akwai wayar da ke karanta wa makaho saƙo, akwai na'urar ƙara ji da keken guragu da ƙafar roba.

Ta ɓangaren doka ma an yi motsi. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sanya hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu yadda mai keke da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika, kuma kowa zai iya duba masallacin unguwarsu da Islamiyyar 'ya'yansa ya ga ko an gyara.

Gwargwadon abin da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina, nauyin yana kan mai mulki da malami da maigida kowa a matsayinsa. Dattijon da yana ta rufe wa ido, haƙƙinsa a kan 'ya'yansa shi ne su kai shi asibitin ido, su tsare shi daga masu sokar ido da tsinke a kasuwa, domin sau da yawa wannan aiki yana ƙarasa idon ne gaba ɗaya. Jaririn da aka haifa yana da haƙƙin rigakafi. Yaro makaho ko kurma yana da haƙƙin makaranta kamar 'yan'uwansa, kuma kwamitin masallaci yana iya zuba gangara a gefen matakala, ya samo mai fassara huɗuba da maganar hannu. Ɗalibin da ya zaɓi karatun likitanci ko jinya ko ƙera kayan taimakon masu lalura, ya sani cewa yana sauke wa al'umma farali ne, irin wanda Sarkin Musulmi ya aika har Ingila yana neman mai koyar da shi.

Allah Ya jiƙan Muhammadu Bello da mahaifinsa da malamansa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cikin masu sauke haƙƙin raunana. Amin.